Ranar da Na Kashe wa Jatau Wasa

Shekara shida ke nan ina aikin gidan gem, inda yara ke biya su buga wasa a talabijin, amma ranar da ba ta fita daga raina wata Asabar ce cikin watan Agusta, lokacin dogon hutun makaranta, a shekarata ta biyu. Ku da kuka shigo aikin nan bayana kun sha ji ina cewa kada hannunku ya yi saurin zuwa kan suwic. Ga dalilin.

Shagonmu na farko yana bayan layin dogo a Kafanchan, ɗaki ɗaya mai rufin kwano. Talabijin huɗu ne a jere jikin bango, kowace da bencinta da abin riƙewa guda biyu, wanda yara ke kira hannu. Mai shagon shi ne Oga Ishaku, ɗan yayar matata. Na girme shi sosai, don haka yana ce mini Kawu, ni kuma a wurin aiki ina ce masa Oga. Yana da shagon gyaran waya a kasuwa, can yake wuni. Ni ne mai lura. Da ciwon baya ya raba ni da noman citta a Madakiya, shi ya ba ni wurin.

Aikin mai lura ba shi da wuya a ido. Ka buɗe da safe, ka share, ka goge hannayen da tsumma, ka tayar da janareto in an ɗauke wuta, ka kuma lura da layi. A lokacin ban iya karatu ba, ba na rubuta sunan kowa. Saboda haka layinmu na silifa ne. Kowane yaro zai cire ƙafa ɗaya ya ajiye ƙarƙashin talabijin da yake so. Wanda aka ci ya tashi, wanda ya ci ya zauna, mai silifa na gaba ya hau benci. Baƙo in ya leƙo sai ya ga samari cike da ɗaki, kowa ƙafa ɗaya a takalmi, ɗaya a siminti.

Oga ya ba ni doka biyu. Ta farko, da zarar murya ta tashi, in kashe babban suwic. Suwic ɗaya ne ke riƙe da talabijin huɗun duka, yana bango bayan kujerata. Ranar da na fara aiki ya ce mini, "Kawu, ka san garin nan. Yara biyu su kama dambe a nan, ɗaya Yohanna ɗaya Yahaya, kafin labarin ya kai tasha ya zama wani abu dabam. Kada ka jira. Ka kashe kawai." Ta biyu, duk wanda ya ɗaga wa wani hannu ko ya yi jifa da kaya, a kai shi wurin 'yan sintirin unguwa, a kira mahaifinsa, kuma shi da shagon har abada. 'Yan sintirin kuwa bulala suke fara sawa kafin su yi tambaya.

Suwic ɗin yana aiki. Kana dannawa sai ɗaki ya yi duhu, sauran yara su juya kan masu rigimar su yi musu ca, kafin minti biyu an shirya. Na yi haka sau da yawa, har ina jin na iya aiki.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa Oga ba. Ni ba wasan nake kallo ba, filin nake kallo. Yawancin yaran ƙwallo suke bugawa, kuma filin cikin talabijin kore ne shar, ba taɓo, ba tururuwa, ba akuyar da ta ratsa. Kamar gindin dutsen Kagoro bayan ruwan farko. Ƙananan mutanen ciki suna ta gudu, ba wanda bayansa ke ciwo. Sai in zauna in zuba musu ido, hankalina ya tafi gida, in ga kaina ina bin kunyar citta da sassafe, raɓa na jiƙa mini wando. Lambobin da ke can kusurwar sama kuwa, a wurina ado ne kawai, kamar zanen bakin zane.

Yara biyu ne a labarin nan. Auwalu, wanda ake kira Janar, ɗan shekara goma sha bakwai, mahaifinsa na da shanu a wajen gari. Shi ne gwanin shagon. In ya zauna a benci na huɗu, sai ya wuni bai tashi ba. Ba mugu ba ne, amma yana da baki. Na biyun Jatau, ɗan wani hedimasta mutumin Fadan Kaje, siririn yaro mai shiru, wanda ke rusunawa in zai gaishe ni. Kullum a talabijin ta huɗu yake ajiye silifarsa, kullum kuma Janar ke lallasa shi. Har yaran suka sa masa suna Kwando, wai duk abin da aka jefa sai ya shige. In sun kira shi haka sai ya yi dariya tare da su. Ni kuma na ɗauka dariyar gaske ce.

Asabar ɗin nan tun tsakar rana ake ruwa. Ɗaki ya cika, har da waɗanda fakewa kawai suka shigo yi. Ƙarar ruwa a kan kwano ta rufe ƙarar wasan. Warin jiƙaƙƙun riguna da gasasshiyar masara ya cika wurin, hasken talabijin na wasa a fuskokin yara. Ina kan kujerata, ido a buɗe amma ba na nan.

Wajen ƙarfe uku sai hayaniya ta tashi a benci na ɗaya. Yara biyu ne, silifarsu iri ɗaya, shuɗiya, kowa na cewa tasa ce a gaba. Ɗaya ya miƙe tsaye. Ko tashi ban yi ba. Na miƙa hannu baya na danna.

Ihun da ya biyo baya ba daga benci na ɗaya ya fito ba. Daga can ƙurya ne, kuma ban taɓa jin irinsa a bakin yaro ba. Wani abu ya wuce ta gefen kunnena ya bugi bango ya tarwatse. Hannun gem ne. Kafin in gane, Jatau na gabana, ya cukume mini riga da hannu biyu.

"Me na yi maka? Baba Bulus, me na yi maka?"

Janar ya zo ta baya zai janye shi, Jatau ya kai masa gwiwar hannu a baki, leɓe ya fashe. Ɗaki ya watse. Wasu suka fita cikin ruwa da takalmi ƙafa ɗaya. Wani ya kira Oga a waya.

Jatau ya sake ni da kansa. Ya zame ya zauna a ƙasa, ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Na tambayi waɗanda suka rage abin da ya faru. Wani dogon saurayi ya ce, "Haba Baba, ba ka gani ba? Biyu da ɗaya ne fa. Kwando ke ci. Minti na tamanin da biyar."

Ga wanda bai san wasan ba: agogon ciki gudu yake yi. Minti casa'in ɗinsu ba ya wuce minti goma namu. Minti biyar ɗin da suka rage wa Jatau ko minti ɗaya na gaske ba su kai ba. Wata uku yana hawa bencin nan ana cinsa. Ranar ce kaɗai ya shiga gaba. Injin gem ɗin kuwa in wuta ta yanke, ba ya riƙe komai. Sai a lokacin na tuna cewa kafin hayaniyar, benci na huɗu ya yi tsit, yara sun taru a bayansa a tsaye. Na gani, ban karanta ba.

Oga ya iso a kan acaɓa, ya jiƙe sharaf. Ya dubi fasasshen hannun, ya dubi leɓen Janar, ya dubi aljihun rigata da ya yage.

"Shi ya yi maka wannan, Kawu?"

"Shi ne."

"To tashi," ya ce wa Jatau. "Sai ofishin sintiri. Ba ni lambar babanka."

Jatau bai ɗago ba. Cikin gwiwoyinsa ya ce, "Oga, ku buge ni a nan. Kada ku kira Babana. Bai san ina zuwa ba."

Na ja Oga waje, ƙarƙashin bakin kwano inda ruwa ke zuba kamar labule. Na ce masa ni na fara. Ya ce ai doka na bi. Na ce na bi, amma da ido rufe. Rigima na benci na ɗaya, na je na yanka na huɗu.

"Kawu, yau hannu ya jefa, gobe kwalba ne. Gem ɗin nan na juya kan yara, ina gani."

"Ba ni shi zuwa gobe bayan sujadar majami'a. In ya sake ɗaga ko yatsa, ni da kaina zan kai shi, ni zan je gidan hedimasta."

"Me za ka yi masa zuwa gobe?"

"Zan mayar masa da abin da na ɗauke."

Oga ya yi dariya duk da ransa a ɓace. "Ka san yadda ake mayar da minti biyar?"

Na ce ban sani ba tukuna. Ya dubi ruwan, sannan ya ce gobe ƙarfe biyu zai zo ya tsaya da kansa.

Da ruwa ya tsagaita na rufe shago da wuri, na raka Jatau ta bakin layin dogo. Ciyawa ta rufe ƙarafan, kwaɗi na kuka a kwatami. Gajimare ya sauko ya kwanta a kafaɗar dutsen Kagoro, kamar dutsen ya yafa farin zane. Muka yi tafiya mai tsawo. Shi ya fara magana.

"Baba, ka yi haƙuri. Ban san lokacin da na tashi ba."

Na ce na ji. Na tambaye shi me ya sa kullum sai bencin Janar, ga benci uku da zai iya cin wani.

"In na ci wani, Kwando ne dai sunana." Ya shuri wani dutse. "Ko a majami'a, Fasto na wa'azi, yatsuna na dannawa a bayan Littafi. In na rufe ido filin nake gani. Na san duk inda Janar ke bi. Yau na tare shi ko'ina, Baba. Ko'ina."

"Amma in sun kira ka Kwando kana dariya."

"In ban yi dariya ba, me zan yi?"

Na ce masa gobe ya zo ƙarfe biyu, kuma kafin ya taɓa komai sai ya ba Auwalu haƙuri a gaban kowa.

Washegari da na fito daga sujada na sami Janar a wurin mai shayi, yana kurɓa ta gefe ɗaya saboda leɓen ya kumbura. Na gaya masa ina so a ƙarasa wasan jiya.

"Baba, wuta ta ɗauke, wasa ya mutu. Doka ne. Sai dai a fara daga sifili."

"Wuta ba ta ɗauke ba. Ni na ɗauke."

Ya kurɓi shayinsa. Sai na tambaye shi:

"Nawa da nawa ne, Auwalu?"

Ya taɓa leɓensa. "Biyu da ɗaya." Sai ya ɗaga murya don mai shayi ya ji. "Amma wallahi da na farke. Ni ne fa Janar."

"To zo ka farke."

Ya ajiye kofi. Na ga abin ya shige shi. Shi ne ma ya kawo dabarar da ni ban da ita. Ya ce a fara sabon wasa da ƙungiyoyin jiya. Ya bar Jatau ya zura biyu, Jatau ya bar shi ya zura ɗaya. Sai kowa ya ajiye hannu a jira agogo ya kai inda ya tsaya jiya.

Ƙarfe biyu ɗaki ya cika, amma ba wanda ya ajiye silifa ko'ina. Talabijin uku a kashe, ta huɗu kaɗai ke ci. Oga ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu a ƙirji. Jatau ya tsaya gaban Janar ya ce, "Auwalu, ka yafe mini bakinka." Janar ya ce, "Bakina na nan, zai yi maka magana anjima. Zauna."

Suka fara. Janar ya janye 'yan bayansa gefe, Jatau ya tura ƙwallo cikin raga a hankali, sau biyu. Wani daga baya ya ce, "Kwando, ɗauki hoto, ba za ka sake gani ba." Aka yi dariya kaɗan. Jatau ya buɗe wa Janar hanya ya zura tasa. Sai suka ajiye hannayen a kan benci.

Janar ya juyo ya ce, "Baba, kai ka kashe, kai za ka ce mu ɗauka. Ga agogo can. In ka ga tamanin da biyar ka yi magana."

Na ce ban san lambobin ba. Ba wanda ya yi dariya. Oga ya baro ƙofa, ya zaro biro daga aljihu, ya kama tafin hannuna ya rubuta lamba biyu. Ɗaya kamar ƙwarya biyu an kifa ɗaya kan ɗaya, ɗayar kamar lauje. Ya ce in na ga waɗannan biyun gefe da gefe a kusurwar can, lokaci ya yi.

Ban taɓa ganin filin haka ba. Ƙwallo na ƙafar wani ɗan mutum a tsakiyar fili, ya tsaya cak. Sauran suna ɗan kaiwa da komowa kusa da shi kamar masu jiran mota. Jama'ar cikin talabijin na ta waƙa, ba su san cewa ba a wasa ba. Inuwar 'yan wasan ta kwanta a kan ciyawa. A waje yayyafi ya fara, a hankali, kamar ana watsa gero a kan kwano. Samari kusan talatin, waɗanda ba sa iya minti ɗaya ba su zagi juna ba, suka zauna shiru suna kallon mutanen da ba sa komai. Aka je hutun rabin lokaci, Janar ya danna da yatsa ɗaya, aka dawo, aka ci gaba da tsayuwa. Ni kuma ina duba tafina, ina duba kusurwa. Lambobin suna juyawa, wata ta tafi wata ta zo, kowace da siffarta. Shekara biyu suna gabana ban taɓa lura cewa suna da fuska ba.

Ƙwarya biyun ta bayyana a hagu. Na duba tafina. Lauje ya zo ya tsaya a gefenta.

"Ku ɗauka," na ce.

Abin da ya biyo baya bai kai minti ɗaya ba. Janar ya kwaso mutanensa duka ya yi gaba. Jatau ya tare sau ɗaya, ya tare sau biyu, ya buga ƙwallo waje. Bugun kusurwa. Agogo ya wuce casa'in, ana cikin ɗan ƙarin lokaci. Ƙwallo ta taso, wani dogo cikin mutanen Janar ya sa kai. Raga ta motsa. Biyu da biyu. Alƙalin wasa ya busa.

Ba wanda ya yi ihu. Duk ɗakin hannayen Jatau yake kallo. Na ga Oga ya warware nasa daga ƙirji. Yatsun yaron sun matse robar har jijiyoyi sun fito, kafaɗunsa na hawa da sauka. Na tuna na riga na yi wa Oga alkawarin hanyar gidan hedimasta.

Jatau ya sunkuya, ya ajiye hannun a kan benci da hannu biyu, a hankali. Ya goge tafinsa a wando.

"Ka farke," ya ce.

"Na gaya maka," Janar ya ce. Amma gumi na zuba masa har haɓa. Ya ja wuyan rigarsa ya share. "Kai, yaron nan ya sha mini jini."

Sai dogon saurayin nan ya ce, "Canjaras ne fa. In an yi canjaras duka biyu ke tashi." Haka dokar yaran take, mun manta ne kawai don ba a taɓa yi wa Janar ba. Ɗaki ya ɗauka gaba ɗaya: "Janar, tashi! Janar, tashi!" Ya tashi yana zaginsu yana dariya, hannu ɗaya a kan leɓe. Jatau ya tashi a gefensa. Wannan karon dariyarsa ta kai ido.

Oga bai kira kowa ba. Ya yanke wa Jatau mako biyu ba zai taɓa hannu ba, kuma shi zai riƙa share shago har hutu ya ƙare. Yaron ya ce ya yarda. Da za mu rufe, Oga ya ce mini, "Kawu, gobe zan turo mai wuta ya raba suwic ɗin nan. Kowace talabijin da nata." Ni kuma a watan da ya biyo na sa sunana a ajin yaƙi da jahilci na majami'armu.

Ba zan ce muku gem ba ya hura wa yara wuta ba. Yana hurawa, na gani da idona sau da yawa, kuma dokar Oga tana nan. Amma mai ihu da zagi, nasa yana fita kullum kaɗan-kaɗan. Wanda ya kamata ku sa wa ido shi ne mai shiru, wanda ake ci kullum yana dawowa, ana yi masa suna yana dariya. Shi yana tarawa ne. Kuma fushinsa ba don an ci shi ba ne. Jatau ya ga an farke masa a sakan na ƙarshe, ya ajiye hannu lafiya. Abin da bai iya ɗauka ba shi ne a ƙwace masa wasan ba a bar shi ya kai ƙarshe ba, ko ya ci ko a ci shi.

Saboda haka in murya ta tashi, kada ku miƙa hannu baya kuna zaune. Ku miƙe. Ku taka zuwa inda rigimar take. In har sai an kashe, ku dubi kusurwar sama tukuna, ku dubi fuskar wanda ke zaune, ku tambaye shi saura minti nawa.